Filin Masu Karatu: Tallan Leda a Jikin Motar Sana'a

Wasiƙu huɗu ne suka haɗu a kan magana guda a wannan fitowa, wato lulluɓe motar sana'a da ledar talla mai gam, wadda wasu ke kira sitika, wasu kuma otokolan. Na fara da wadda ta fi buƙatar dogon bayani, domin amsarta ta shafi sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi a unguwar Zango a nan Damagaram, kuma ina da mota Hiace guda ɗaya da ke raba burodi tun asuba a cikin Birni da Sabon Gari, wani lokaci har Mirriya. Ina so in lulluɓe ta da ledar talla irin wadda nake gani a jikin manyan motocin sufuri. Na tambayi wurare biyu, sai kuɗin da na biyun ya yanka mini ya kusa ninka na farkon sau uku, alhali zanen ɗaya ne. Shin wannan talla yana mayar da kuɗinsa, kuma mene ne ya kawo wannan tazara? Daga mai gidan burodi, Zango.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Ga mai sana'a irin taka, wanda motarsa ke bin tituna ɗaya kowace safiya tana tsayawa a ƙofar masu shayi da masu tireda, wannan talla yana da amfani, domin mutanen da ke ganin motar su ne masu sayen burodin, kuma ganin yau da gobe ne ke zaunar da suna a zuciya. Sanarwar rediyo tana ƙarewa ranar da kuɗinta ya ƙare, allon bakin titi kuma yana tsaye wuri guda, amma abin da aka liƙa a mota sau ɗaya ake biya, ya bi ka kilomita 18 zuwa Mirriya ya dawo, ya kuma ci gaba da aiki ko da motar tana ajiye a bakin Kasuwar Dole. Hanyar auna shi ita ce a raba kuɗin da yawan watannin da zai yi yana da kyan gani. Ɗauki wannan a matsayin misali kawai: aikin da ya ci jaka 360 ya yi shekara 3, jaka 10 ke nan a wata; wanda ya ci jaka 120 ya lalace a wata 8 kuwa, jaka 15 ke nan a wata, ban da kuɗin ɓamɓare shi. Ka ga mai arhar ne ya fi tsada.

Tazarar da ka gani a farashi, galibi daga irin ledar take. Dukkansu da robar PVC ake yin su, amma ta hanyoyi biyu, kuma a matsayinka na mai burodi za ka fi kowa saurin fahimta. Ta farko ana kwaɓa robar ne da kauri, a bi da ita tsakanin manyan ƙarafa masu zafi suna murza ta har ta yi faɗi, kamar yadda ake murza kwaɓin fulawa. Ka san kwaɓin da aka ja da ƙarfi, da an sake shi sai ya nemi komawa yadda yake. Haka wannan leda take: kaurinta yakan kai mikron 70 zuwa 100, kuma da rana ta dake ta sai ta fara tsukewa, bakinta ya ja baya ya bar layin gam, ƙura ta zauna a kai ya yi baƙi. Ta dace da allon shago da gilashi da duk abin da yake a shimfiɗe. Ta biyu kuwa ruwa-ruwa ake zuba ta a kan shimfiɗa ta bushe a cikin tanda, kamar yadda ake zuba ƙullun sinasir a kasko, saboda haka ba a ja ta ba balle ta nemi komawa. Kaurinta kimanin mikron 50 ne, wato rabin kashi 1 cikin 10 na milimita, tana bin lanƙwasar jikin mota da kwarin da ke gefen Hiace ba tare da ta ɗaga ba. Masu aikin da suka koya da Faransanci suna ce mata kule, ta farkon kuma kalandire. A Kano, inda kaya da yawa ke fitowa, kas ake ce wa mai kyan.

Kada ka tsaya a kan abin da aka faɗa maka da baki. Ka ce a nuna maka naɗin ledar, ka juya bayanta. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni, irin su 3M da Avery Dennison na Amurka, da Orafol na Jamus mai yin Oracal, da Hexis na Faransa, suna buga sunansu a takardar da ke bayan ledar, kuma kowane nau'i yana da lambarsa. Ka rubuta lambar, ka sa a saka ta a cikin takardar cinikin. Sannan ka tambaya ko za a rufe zanen da aka buga da wata leda mai garai-garai a samansa, domin ita ce ke tsare tawada daga hasken rana da gogar ƙura, kuma a nan ne mai neman rage farashi ya fi yawan yanke hanya. Bugun da ba a rufe ba, a ranarmu, ba ya jimawa. Idan tawadar irin mai warin sinadari ce, sai an bar bugun ya sha iska awa 24 zuwa 48 kafin a rufe shi, don haka wanda ya ce maka zai buga da safe ya liƙa da la'asar, ka san akwai matakin da zai tsallake.

Akwai kuma maganar da nake so kowane mai mota a Damagaram ya riƙe. Shekara 5 zuwa 7 da ake rubutawa a takardun waɗannan kamfanoni, an auna su ne da yanayin tsakiyar Turai, kuma a gefen mota da ke tsaye. Su kansu kamfanonin sun raba duniya shiyya-shiyya, sun rage wa ƙasashen hamada wa'adi. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ga ƙurar hunturu da ke gogar mota kamar yashin wanke tukunya, ni a ganina shekara 2 zuwa 3 ya kamata mutum ya sa a lissafinsa, abin da ya ƙaru a kai riba ce. Rufin mota da murfin inji su ne rana ke sauka a kansu kai tsaye, su ne kuma ke fara konewa, alhali babu mai ganin rufin Hiace sai wanda ke kan bene. Saboda haka shawarata gare ka, kada ka lulluɓe motar duka. Ka ɗauki gefuna biyu da ƙofar baya, ka sa leda mai kyau, ka bar sauran da farin fentinta. Kuɗin da za ka kashe a rufin, gara ka sa shi a ingancin abin da ido ke gani.

Kafin duk wannan, ka duba jikin motar da kyau. Leda ba ta ɓoye aibi, fito da shi take yi: tsatsa da lotsawa da fentin da ya fara ɓarewa duk za su bayyana a ƙarƙashinta, kuma gam ba ya kama tsatsa. Yawancin motocinmu na hannu ne, an sha shafa musu mastik an fesa fenti a kai, kuma irin wannan fenti yakan biyo ledar ranar da aka zo cire ta. Idan sai ka kai wa toliye, wato mai gyaran jikin mota, ya gyara, to ka bar sabon fentin ya yi aƙalla wata guda yana bushewa kafin a liƙa komai.

Na taɓa zama rabin yini a wani shago ina kallon yadda ake wannan aiki yadda ya kamata. Tun da sassafe suka shigar da motar cikin rumfa, suka yayyafa wa ƙasa ruwa don kada ƙura ta tashi, suka wanke ta, sannan wani yaro ya bi kowane lungu da tsumma mai tsabta da alkol, har cikin bakin ƙofa da ƙarƙashin robar gilashi. Mutum biyu suka riƙe ledar, na uku yana bin ta da ɗan faifan roba mai laushin baki daga tsakiya zuwa gefe. Da suka gama, maigidan ya ɗauki na'urar hura iska mai zafi ya bi duk inda aka ja ledar ta shiga kwari, yana auna zafin har ya kai wajen digiri 90, domin wannan gashin ne ke sa ta zauna a sabuwar siffarta. Wanda ya ce zai yi maka aikin a bakin titi da tsakar rana, ƙarfen mota yana ƙona hannu, ka ba shi haƙuri. Zafin da ya fi dacewa da liƙi yana tsakanin digiri 18 da 25, abin da a wurinmu ke nufin sanyin safiya ko rufaffen ɗaki.

Tambaya: Malam, ina yin kindirmo da kunun aya na roba, kuma ina da adaidaita uku da ke kai wa shaguna. Bara na sa aka liƙa musu talla, amma ko wata takwas ba a yi ba jan launin ya koɗe, bakin ledar kuma ya fara ɗagowa. Wanda ya yi aikin ya ce laifin masu wanki ne. Gaskiya ne? Daga wata mai sana'a, Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, sannu da ƙoƙari, kuma na ji zafin wannan asara, domin na san yadda kuɗin sana'ar hannu ke taruwa. Maganarsa tana da rabin gaskiya. Ɗagowar baki tana iya zuwa daga wanki, musamman idan ana kafa bakin injin feshin ruwa daf da gefen ledar, ruwan ya shiga ƙarƙashinta da ƙarfi. Amma koɗewar launi a wata 8 ba aikin mai wanki ba ne. Wannan alama ce ta bugun da ba a rufe shi da leda mai tsare hasken rana ba, ja kuwa yana cikin launukan da suka fi saurin koɗewa. Ki sa farce a gefen da ya ɗago ki duba: idan falle ɗaya ne, kuma tawadar tana kankaruwa, to ba a rufe ba.

Tun da jikin adaidaita ƙarami ne, kuma kullum a rana yake, ina ganin abin da ya fi miki shi ne yankakkun haruffa. Wannan leda ce da launinta ke cikin jikinta tun daga masana'anta, inji ne kawai ke yanka ta ya fitar da suna da lambar waya, don haka babu tawadar da za ta koɗe, kuma ta fi bugu araha. Hoton robar kindirmon kaɗai za a buga a rufe shi, a liƙa a gefe. Ki lura kuma cewa tamfol ɗin da ke rufe adaidaita ba ya riƙe irin wannan gam yadda ƙarfe ke riƙewa. Tallan da za a sa a can, gara a buga shi a kan nasa tamfol a ɗinka.

Game da kulawa, ki gaya wa yaran su bar sabon liƙi ya yi kwana 3 kafin ruwa ya taɓa shi. Kada su share ƙura da busasshen tsumma, wanda shi ne al'adar direbobinmu kowace safiya, domin ƙurar nan yashi ce, kowace sharewa tana kankare fuskar ledar. Na san ruwa abin tattali ne a garin nan, amma bokiti guda ya isa: a fara watsawa ƙurar ta sauka, sannan a bi da soso mai laushi da sabulu marar kaifi. Idan esansi ya zuba a kai wajen shan mai, a goge nan take, haka ma kashin tsuntsu. Inuwar dalbejiya ko rumfa a lokacin da ba a aiki tana ƙara wa talla watanni masu yawa.

Tambaya: Malam, ni matashi ne mai aikin haɗa sola, na sayi ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya. Na rubuta duk ayyukan da nake yi, sun kai goma sha biyu, ina so a sa su duka, da Faransanci, tare da aya a sama don neman albarka. Me ka gani? Daga wani mai karatu, hanyar Tanut.

Amsa: Ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da ka saya. Ka tuna cewa wanda zai karanta motarka yana kan babur ne ko yana tsallaka titi, kuma ƴan daƙiƙu kaɗan gare shi. Ayyuka 12 babu mai karanta su, za su ma danne abin da ya kamata a gani. Abu uku sun isa: sunan sana'arka, kalma biyu ko uku da ke faɗin abin da kake yi, da lambar waya guda ɗaya. Masu aikin alluna suna da ma'auni mai sauƙi, cewa kowane santimita 2 da rabi na tsayin harafi yana karantuwa sosai daga nisan mita 3, wato harafi mai santimita 10 zai karantu daga mita 12. Lambobin wayarmu guda 8 ne, ka raba su biyu-biyu yadda muke faɗarsu da baki, ka sa su manya a gefe da kuma baya, domin wanda ke biye da kai a hanya ya fi kowa samun lokacin kwafewa. Baƙi a kan fari ko rawaya, ko fari a kan shuɗi mai duhu, sun fi fita daga nesa. Ka kuma sa mai zane ya auna motar da kansa, don kada lamba ta faɗa a kan mariƙin ƙofa ko a tsagar da ke tsakanin ƙofofi.

A kan harshe, ka dubi masu sayen aikinka. Idan ofisoshi da ƙungiyoyi kake nema, layi guda na Faransanci yana da amfani. Amma mai gida a Matamaye ko Magarya da ke son fitila da firji, da Hausa yake tunani, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar a dokance. Mutane da yawa da ba su yi boko ba suna karanta ajami, waɗanda ba su karanta ko ɗaya kuwa hoton faifan sola da ƙwan fitila ya ishe su bayani. Idan za ka rubuta Hausa, ka tsaya a kan mai kwamfutar ya sa haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, domin yawancin salon rubutun da suke amfani da shi ba shi da su, sai su sa na kusa. Tsakanin ƙafa da kafa akwai nisa, kuma kuskuren da aka buga da harafi mai santimita 20 yana yawo a gari shekara da shekaru. Ka nemi a buga maka samfuri a takarda, ka ba mutum biyu su karanta kafin ka ce a ci gaba.

Maganar aya kuwa, niyyarka mai kyau ce, kuma rubuta kalmomin tawakkali a jikin mota tsohuwar al'ada ce da masu fentin manyan motoci suka raya tun kafin zuwan leda. Sai dai ka yi tunanin inda ledar za ta ƙare. Taɓon damina yana fantsama a gefen mota, mai wanki yana bin ta da ruwan datti, kuma ranar da aka ɓamɓare ta a bola ake zubarwa. Ni ban so a sa ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a abin da makomarsa ke nan. Ka tambayi malaminka, amma da ni ne, sai in bar addu'ar a bakina lokacin tayar da mota.

Ƙari guda, tun da ka ce kai matashi ne: daga ranar da sunanka da lambarka suka hau motar, duk wanda ka fantsama wa ruwa ko ka tare wa hanya ya san wanda zai kira, kuma ya san wanda ba zai ba aiki ba. Idan wani ne zai riƙa tuƙa maka, ka zaunar da shi ka gaya masa haka.

Tambaya: Malam, wani ɗan kasuwa yana so ya riƙa biyana duk wata ya liƙa tallansa a motata ta haya, har da gilashi. Akwai matsala da hukuma? Daga wani direba.

Amsa: Malam direba, gilashin gaba da na ƙofofin gaba, da fitilu, da lambar mota, kada komai ya hau kansu. Ga gilashin baya akwai leda mai ƙananan huji, wadda na waje ke ganin hoto, na ciki kuma yana hangen hanya. Amma ka sani tana rage gani da dare, kuma ƙura da ruwan sama suna cike hujin idan ba a rufe ta ba. Ka guji launi da zanen da za su sa motarka ta yi kama da ta jami'an tsaro ko ta ɗaukar marasa lafiya. Jan kuros da jan jinjirin wata a kan fari alamu ne da Yarjejeniyoyin Janeba na 1949 suka kare, ba na talla ba ne, ko da mai tallan kantin magani gare shi.

Kafin a liƙa, ka je ma'aikatar magajin gari ta gundumarka, cikin gundumomi 5 na birnin, ka tambayi harajin tallan waje, ka karɓi rasit ka ajiye tare da kart giriz, wato takardar rajistar mota. Idan ledar za ta sauya launin motar gaba ɗaya, ka fara nuna takardunka a ofishin sufuri, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Yarjejeniyar da ke tsakaninka da ɗan kasuwar ku rubuta ta a gaban shaidu biyu: nawa ne a wata, wata nawa za a yi, wa zai biya harajin, wa zai cire ledar idan wa'adi ya cika, kuma wa zai gyara fenti idan ya biyo ta. Ka ɗauki hoton motar ta kowane gefe da wayarka ranar da za a fara aikin, ka tura masa ta WhatsApp domin kwanan watan ya zauna a wurinku duka biyu.